An Nemi shi_ne An Rasa

Zubairu shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ba a yanka rago ba, babu kuma makarantar da ta rubuta masa haka a takarda. Shekara biyu ya yi a Damagaram yana koyon ordinata, wato kwamfuta, ya dawo Diffa da jaka mai zif uku da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, ya ce daga yau haka za a kira shi. Mutanen biro, wato ofis, suka bi shi da sunan, kaɗan don girmamawa, mafi yawa don su ga yadda yake kumbura idan an faɗa.

Biron na wata ƙungiyar agaji ne, irin masu fararen motoci da dogon eriya, waɗanda suka cika garin tun da yaƙi ya koro mutane daga bakin kogin Komadugu. Aikinsu rabon abinci a Assaga, inda ƴan gudun hijira suka kafa rumfuna a bakin kwalta. Duk wata ana fitar da lista. Wanda sunansa ya fito ya ɗauki gero da wake da mai. Wanda bai fito ba ya jira watan gobe, shi da tukunyarsa.

Cikin masu jiran listar nan har da Ba Modu Fannami, mahaifin Zubairu. Da can manomin tattasai ne a bakin kogi, mai injin ban-ruwa biyu, wanda idan ya baza shanya sai fili ya yi ja har inda ido ya tsaya. Tattasan nan ne ya kai Zubairu Damagaram. Yanzu gonar tana wajen da soji suka hana kowa takawa, shi kuma tsohon yana cikin rumfar tampol da baki tara: matarsa, ƙanwarsa da aka kashe wa miji, da jikoki. Ba su da komai sai abin da lista ta ba su. Abu ɗaya ya rage masa na tinƙaho, kuma wallahi yana morarsa fiye da kima. Duk majalisar da ya zauna sai ya gyara hula ya ce, "Injin nan da ke fitar da sunaye, ai ɗana ne ke juya shi." Mutanen Assaga sun ji wannan magana har suna iya ƙarasa masa ita.

To, wata Litinin cikin zafin bazara, tsohuwar ordinatar biro ta yi tari sau biyu, ta saki wari irin na ƙonannen takalmin roba, ta yi shiru. Rabo kuwa ran Alhamis ne. An riga an ɗauki manyan motoci, an riga an nemi rakiyar soji, kuma rakiyar soji ba abu ne da ake ce wa a ɗaga zuwa jibi ba.

Purogiram ɗin da ke fitar da lista wani Malam Labaran ne ya rubuta shi tun farkon gudun hijira, kafin a mai da shi aiki Agadas, inda wayarsa ba ta shiga sai ta ga dama. Allah ya taimaka ya bar rubutun a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinata a kwashi fayiloli, cikin aljihun tebur. Akwai kuma sabuwar ordinata da aka aiko daga Yamai, wata uku tana cikin kwali. Shef Alkali, shugaban biro, mutum ne mai son rapor, wato rahoto, fiye da son abinci, kuma yana son abinci. Ya tsaya a kan Zubairu yana share gumi.

"Injiniya, za ta yiwu kafin Laraba?"

Zubairu ya gyara tabarau. "Shef, aikin minti goma ne."

Ga wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba, ga yadda yake. Purogiram rubutu ne da mutum ke yi sashe-sashe, kowane ɗan sashe da sunansa da aikinsa, ana ce masa fonksiyo. Inji ba ya jin rubutun mutum sai an ba wani abu mai suna kompilata ya juya masa zuwa yarensa. Daga nan sai linka ya zo ya ɗinke sassan wuri ɗaya, kamar tela yana haɗa hannu da jikin riga. Idan wani sashe ya kira fonksiyo da suna, linka ya duba bai ga mai wannan suna daidai ba, shi ke nan, ya ajiye allura. Ba a lallashinsa, ba a ce masa ai kusa da shi ne. Malam Labaran da tsohon kompilata ya yi aikinsa. Wanda ke cikin sabuwar ordinata wani ne daban, ɗan zamani, da nasa tsarin.

Zubairu ya zuba fayiloli, ya danna, ya harɗe hannu yana jiran yabo. Allo ya cika da jan rubutu, layi arba'in da ɗaya, kowanne yana cewa an kira wane ba a same shi ba. Minti goma suka wuce. Azahar ta wuce. Shef ya leƙo sau huɗu, duk lokacin sai ya tarar da Zubairu yana gyaɗa wa allo kai kamar sun fahimci juna.

A faɗi gaskiya ko don Allah, mutumin ba daƙiƙi ba ne. Ya zauna ya bi jan layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya gano yawancinsu don bai nuna wa linka laburare ba ne, wato fayilolin da aka riga aka juya aka ajiye fonksiyoyi a cikinsu. Ya nuna masa, layi talatin suka ɓace lokaci guda. Wasu kuma ya nuna su amma ya jera su a baibai, domin sabon linka mai bin layi ne, wanda ake nema sai ya zo bayan mai nemansa. Ya sake jeri, goma suka tafi. Kafin la'asar ta Talata saura ɗaya tak, kuma wannan ɗayan ya kafe, ya ƙi gaba ya ƙi baya:

undefined reference to shi_ne

Shef ya shigo da kofin shayi a hannu. "Injiniya, ina aka kwana?"

"Saura ɗaya, Shef."

"Mene ne?"

"Shi ne babu."

"Wa?"

"Shi ne."

"Shi wa?"

"Shef, shi ne ɗin ne babu. Sunansa ke nan."

Shef ya ajiye kofi a hankali. "Zubairu, ni fa na haife ka. Idan mutum ne ka faɗa mini sunansa in tura direba ya ɗauko shi. Idan kuma wasa kake da ni, ka bari sai Juma'a."

Dariya ta ƙwace wa Kubra daga teburin kusurwa. Kubra mutuniyar Damasak ce, ta tsallako kogi da ƙafa ranar da garinsu ya watse. Ta yi karatun kwamfuta shekara huɗu a Maiduguri, amma da yake takardunta da Turancin Ingila suke, biro ya duba su, ya juya su, ya ce to madalla, ya ba ta aikin shigar da sunaye. Ita ta zauna kusa da Malam Labaran lokacin da yake rubuta purogiram ɗin, don haka ta san wane ne shi_ne. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ba Shef haƙuri, sannan ta yi masa bayani.

A Assaga kowane gida rubutu biyu gare shi. Akwai rajista, wadda aka cika ranar da mutane suka iso, da hannun waɗanda suka yi lakol, wato boko, da rubutun Faransa. Akwai kuma kati, wanda ƴan sa-kai suka rubuta daga baya, yawancinsu daga tsallaken kogi, suna rubuta suna yadda mai shi ya faɗa. Sai ka ga mutum ɗaya a rajista Aboubacar, a kati Bukar. Mace ɗaya a can Aïchatou, a nan A'i. Malam Labaran ya yi wata uku yana zama da bulamomi, wato masu gari, da limamai yana tara irin waɗannan sunaye, ya zuba su cikin fonksiyo ɗaya. A ba shi suna biyu, ya ce e shi ne, ko a'a ba shi ba ne. Wanda ya ce wa e, shi ke fitowa a lista.

"To ai shi nake faɗa," in ji Zubairu. "Labaran bai bar rubutunsa a kile ba. Na bincika ko'ina. Babu."

"Rubutun ne babu, Injiniya, amma shi yana nan," in ji Kubra. "Yana cikin laburaren sunaye, a juye. Bari ka gani."

Ta taso, ta tsaya gefensa, ta danna abu kaɗan, sai ga jerin duk sunayen da ke cikin laburaren. Ta sa yatsa a kan ɗaya: _shi_ne.

"Ga shi. Tsohon kompilata haka ya rubuta shi, da ƴar sanda a gaba, shi ke nan. Kai kuma da ka zuba fayilolin, sabon ya ɗauke su a matsayin yaren C++, ba yaren C da aka rubuta su da shi ba, shi kuwa sai ya yi wa suna ado kafin ya nema. Dubi abin da yake nema." Ta sake dannawa. Allo ya nuna _Z6shi_nePKcS0_. "Ya sa masa hula, ya sa masa jela, sannan ya ce bai gan shi ba. Layi ɗaya za ka ƙara. Ka rubuta extern "C" a gaban sunan, ka gaya masa wannan na C ne, ya kira shi yadda aka san shi."

Gaskiya ta faɗa, tsaf. Kuskurenta ɗaya, a gaban Shef ta faɗa. Shef kuwa ya buɗe baki ya saki maganar da ta lalata komai.

"Kai! Ashe Kubra ma ta iya abin nan? To mu me muke yi tun jiya?"

Zubairu ya ji maganar har tafin ƙafarsa. Kontiraginsa watan gobe yake ƙarewa, ya kuma san ƙungiya ba ta riƙe mutum biyu a kujera ɗaya. Kunya da haushi suka kama shi. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya yi murmushin da malamai ke yi wa ɗalibin da ya kusa.

"Madam ta yi ƙoƙari," ya ce. "Na ga wannan tun jiya. Amma Shef, ni ba na ɗora aikin ƙungiya a kan akwatin da ban ga cikinsa ba. Wa ya san abin da Labaran ya cusa a ciki? Tsohon abu ne, na tsohon zamani. Zan rubuta sabo da hannuna, mai tsabta, na zamani, wanda ko Yamai aka kai za a sara masa."

Shef yana jin kalmar zamani da kalmar Yamai ya narke. Ya ce wa Kubra ta koma teburinta, kowa da aikinsa. Ta koma.

Wata uku Malam Labaran ya yi. Zubairu ya ba kansa rabin awa. Da farko, don dai ya ga linka ya yi shiru, ya rubuta shi_ne wanda ke cewa e ga duk abin da aka tambaye shi. Jan rubutu ya ɓace. Zubairu ya miƙe tsaye ya ce Allahu akbar. Ya danna a fitar da lista ta gwaji, injin bugawa ya fara tofo takardu, kowane layi suna ɗaya: Abba Adam, Abba Adam, Abba Adam. Shi ne na farko a rajista, kuma tunda kowa shi ne, duk gidaje dubu biyu da ɗari da arba'in na Assaga sun koma Abba Adam.

Kubra ta ɗauki takarda ɗaya ta duba. "Allah ya ba Abba Adam lafiyar ci," ta ce, ta ajiye.

"Gwaji ne," in ji Zubairu, yana tattara takardun yana cusawa ƙarƙashin tebur.

Da safiyar Laraba ya yi na biyu. Akwai wani fonksiyo da ke zuwa da kowane kompilata, strcmp, mai gwada kalma biyu harafi da harafi. Idan duk haruffa sun zo ɗaya ya ce ɗaya ne, idan ko ɗigo ya bambanta ya ce ba ɗaya ba ne. Zubairu ya ɗora shi_ne ɗinsa a kan wannan, layi uku cif. Ya danna. Babu ja ko ɗaya. Lista ta fito da sunaye daban-daban, a jere, da lamba, gwanin kyau. Ya ɗauka ya kai wa Shef da hannu biyu.

Shef ya juya zuwa shafin ƙarshe, domin shi daga ƙarshe yake fara karatu. Gidaje dubu ɗaya da ɗari biyar da ashirin da takwas.

"Watan jiya ba dubu biyu da ɗari da arba'in ba ne?"

"Haka ne, Shef."

"To ina ɗari shida da goma sha biyu?"

Nan fa. Zubairu ya san inda suke. Wallahi ya sani. Yana cikin neman yadda zai fara, sai ya ga fuskar Shef tana buɗewa, idanunsa suna haske.

"Tsaya, tsaya. Wato waɗannan sunan katinsu bai yi daidai da na rajista ba?"

"Haka ne, Shef."

"Masu suna biyu! Ƴan zamba! Shekara biyu suna cin abincin ƙungiya da katin wasu, tsohon inji yana barci!" Ya buga tebur. "Injiniya, ka san abin da ka yi? Yamai tun bara suke damuna da maganar tsaftace lista. Ga ta nan an tsaftace. Kontiraginka ka bar shi a hannuna."

Da mutum ya ga yadda maganar da ke bakin Zubairu ta juya ta koma ciki, da ya tausaya masa kaɗan. Kaɗan fa. Ya ce, "Aikinmu ne, Shef."

Kubra ta same shi a baranda yana wanke hannu, ko da yake bai ci komai ba. Wannan karon ba ta ce Injiniya ba.

"Malam Zubairu, mutanen nan suna nan da ransu. Ni na shigar da sunayensu, na san fuskokin wasu. Layi ɗaya ne. Ka sa shi yanzu, ka ce kai ka gano, wallahi ba zan buɗe baki ba."

"Madam, an riga an sa hannu."

"Mahaifinka ma yana Assaga."

"Na san inda mahaifina yake."

Ta tafi wajen Shef. Shef ya saurare ta yana duba waya, ya ce ya gane, kishi abu ne na ɗan Adam, ya ba ta listar ta je ta buga masa kwafi uku. Ya kuma ce gobe ta zauna ta tsare biro.

Maganar uban dai ta tsaya wa Zubairu a rai. Ya koma ya zauna, ya waiga hagu da dama, ya rubuta Modu Fannami a wurin nema. Sunan ya fito. Ya sauke ajiyar zuciya, ya rufe ordinata, ya ce alhamdu lillahi, sauran kuma Allah ya ji da su zuwa watan gobe, zai gyara a ɓoye. Bai duba lambar kati ba, bai duba yawan iyali ba. A Assaga kuwa Modu Fannami bakwai ne, wanda ya fito wani mai gyaran keke ne da matarsa ɗaya ba ɗa.

Alhamis da hantsi suka isa, motar soji a gaba, manyan motoci uku a baya. Sajan mai rakiya ya ce ƙarfe biyu zai juya, da su ko ba da su ba. Jama'a sun riga sun yi layi tun asuba, mata da tabarmi da buhunan da aka wanke, maza a gefe ƙarƙashin inuwar da ba ta isa kowa ba. Aka kafa tebur. Shef ya zaunar da Zubairu a tsakiya, da ordinata a buɗe a gabansa, ba don ana bukatarta ba, don a gani.

Zubairu ya hango ubansa tun daga nesa. Ba Modu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ita kaɗai ya fito da ita daga gida, yana tsaye cikin dattawa da buhu a naɗe a hammata. Da suka haɗa ido ya ɗaga masa hannu, ya taɓa na kusa da shi ya nuna masa tebur.

Aka fara kira. Wanda ya ji sunansa da lambarsa ya matso, ya dangwala yatsa, ya ja buhu. Aka kira Modu Fannami, Ba Modu ya yunƙura, mai kira ya faɗi lamba, mai gyaran keke ya fito yana washe baki. Ba Modu ya koma ya tsaya, yana dariya, ya ce nasa na tafe. Sai a lokacin Zubairu ya tuna bai duba lambar kati ba.

Rana ta take. Buhuna suka ragu a motoci biyu, ta uku ko igiyarta ba a kwance ba. Mai kira ya karanta sunan ƙarshe, ya naɗe takarda. Nan take hayaniya ta tashi. Wata tsohuwa ta ɗaga katinta sama tana cewa A'i ce, A'i Mamman, shekara biyu tana karɓa. Wani ya ce ko akwai shafin da ya manne. Mata suka matso, soji suka gyara tsayuwa.

Shef ya hau benci da lasifika. Da ya yi shiru da ya fi, amma ina, mutumin ya kwana yana shirya jawabi. Ya ce ƙungiya ta kawo sabon inji na zamani wanda ba a yi masa wayo. Ya ce duk wanda bai ji sunansa ba ya tambayi kansa dalili. Ya ce zamanin cin abinci da suna biyu ya wuce, masu zamba su ji kunya, domin haƙƙin marayu suke ci. Sannan ya nuna Zubairu da lasifikar ya ce ga wanda ya tona asirin, ɗan ƙasa, Injiniya.

Mutum ɗari shida suka juya. Ba Zubairu suka duba ba. Ba Modu suka duba.

Tsohon ya tako a hankali har gaban tebur, jama'a suna buɗa masa hanya. Ya ciro katinsa daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya kwance, ya ajiye a gaban ɗansa.

"Duba mini."

Zubairu ya shigar da lambar. Kati ya ce Modu Fannami, baki tara. Rajista ta ce Mamadou Fannami, baki tara, ƙauye ɗaya, ranar isowa ɗaya. Wani ɗan lakol ne ya ji Modu ranar da suka iso, ya gyara masa shi zuwa yadda ake rubutawa a takardar haihuwa. Shekara talatin Zubairu yana duniya, bai taɓa sanin akwai takardar da ke kiran ubansa Mamadou ba.

"Me injin ya ce?"

"Baba, ɗan kuskure ne na rubutu."

"Na ji mai lasifika ya ce zamba."

Shef ya sauko daga benci, ya dafa kafaɗar Zubairu, ya tambaya da Faransanci ko tsohon yana kawo matsala ne. Ga lasifika nan a hannun Shef, tazarar taki ɗaya. Ga mota ta uku cike da gero. Ga ƙarfe ɗaya da rabi a agogo. Abin da ake bukata mutum ya miƙe ya ce ni ne, ba su ba ne, a kwance igiya a raba da tsohuwar lista. Zubairu ya dubi lasifikar, ya dubi hannun da ke kafaɗarsa. Ya ce wa Shef babu matsala, zai ji da shi. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya yadda ba wanda zai ji sai uban.

"Baba, ka yi haƙuri ka koma rumfa. Naka zan gyara shi yau ɗin nan. Gobe in kawo maka buhu da kaina, ba wanda zai sani."

"Nawa."

"E, Baba."

"Na A'i fa? Na Bulama? Na matar Abbakar da ta haihu shekaranjiya?"

"Baba, a hankali. Watan gobe, in sha Allah. Yanzu in na yi magana aikina ne zai tafi."

Ba Modu ya daɗe yana dubansa. Bai ɗaga murya ba, bai yi tsaki ba. Ya ɗauki katinsa, ya mayar cikin leda, ya naɗe ta lungu huɗu yadda take, ya sa a aljihu. Zubairu ya so ƙasa ta tsage, amma ko a lokacin bai cire kafaɗarsa daga ƙarƙashin hannun Shef ba.

Da tsohon ya juya, wani dattijo maƙwabcinsa mai suna Mamman, wanda shi ma buhunsa a naɗe yake, ya tare shi da murya yadda kowa zai ji.

"Ba Modu, ba wannan ne ɗan naka ba? Mai juya inji?"

Ba Modu ya waiga ya sake duban mai tabarau da ke bayan tebur, sama da ƙasa, irin duban da ake yi wa baƙo a tasha.

"A'a," ya ce. "Ku yafe mini, ni na ruɗe ku. Suna ne ya zo ɗaya."

Ya gyara buhunsa a hammata, ya bi bayan matan da suka fara komawa rumfuna. Sajan ya busa usur, direban mota ta uku ya tayar da inji.